Sun Ɗora Ragona a Sikeli

Daren Talata, Dugabau

Na kasa cin tuwon nan. Tun da aka hana fitar da dabbobi da rai zuwa ƙasashen waje, Alhaji Sule dillali bai sake leƙo ni ba. Yau na kai babban ragona garin Kabo, inda gwamnati ke sayen ragunanmu don a yanka a sayar da nama, wai tallafi ne kafin mu saba.

Da sassafe na wanke shi da sabulu, na shafa wa ƙahonsa man gyaɗa, kamar yadda na saba yi saboda masu saye daga ƙetare. Ma'aikacin da ke awo ko kallonsa bai yi ba. Bai buɗe bakinsa ya duba haƙori ba, bai ce a zagaya da shi ya ga takunsa ba. Kan sikeli kawai aka tura shi.

Na ce, "Malam, dubi ƙahon nan mana."

Ya ce, "Baba, ai shi za mu cire daga nauyin. Ba a cin ƙaho."

Ragon maƙwabcina Iliya, mai tumbi marar ƙaho, wanda ake yi wa dariya a kasuwa, yau ya fi nawa daraja. Shekara da shekaru ina zaɓen iri saboda ƙahon nan.

Na jawo abina muka dawo gida. Amma harawa ta ƙare, dusar ma ta kusa. Ga shi can ina jin yana tunkuyar turke.

Gobe zan mayar da shi. Wankan ne dai ba zan yi masa ba.