Wutan da na goge a motan Imrana

Salamu alaikum jama'an Legas gaba ɗaya, manya da yara, masu gida da ƴan haya, harda masu leƙa wasiƙan mutane ta bayan kafaɗa. Kowa ya gyara zama, Injiniya Muntaka ne ke magana, likitan motoci na Lafia da kewaye, wanda ko mota ya mutu kwana uku in yaji muryana sai ya tashi. Gaisuwa na musamman ga Yaya Abdulsalami. Allah ya ƙara lafiya, ya buɗa kasuwa, ya jiƙan Baba ya sa ya huta. Mu nan lafiya. Inna tana cin abinci kaɗan kaɗan, masu gaisuwa sun ragu. An ɗebe rumfan ƙofan gida.

Zakayi mamaki ga waya amma na rubuto takarda, ni da malamin firamare ya haƙura dani tun aji uku. Sau huɗu ina kiranka in faɗa maka wani magana, da ka ɗauka sai inji bakina yana baka labarin ƙwallo. Shi yasa na zauna kan tsohon taya na aro biro. Ka karanta kai kaɗai.

Abinda ka sani shine motan Imrana mijin ƴar'uwanmu Zuwairatu ya tsaya a hanyan Jos da Baba a ciki, kafin a samu wani mota rai yayi halinshi. Abinda baka gani ba shine yadda gida ya koma. Ba mai cewa komai a fili, kowa na cewa kwana ne ya ƙare, amma in Imrana ya shigo gaisuwa sai mata su tashi. Zuwairatu yau sati biyar bata koma ɗakinta a Azuba ba. Tace wa Inna bazata iya kallon mutumin da yake kwasan fasinja kullum amma ya kasa kai mota gyara ba, har ubanta ya cika a kan cinyanta a gefen titi.

Yaya, ya kai motan gyara. Wajena ya kawo.

Kwana tara kafin abin, wutan cek injin, mai nuna injin na da matsala, ya kama mishi. Ya fara tsayawa wajen Martin, makaniken da ke tsallaken titi, ka san ni dashi bama ga maciji. Martin ya jona kwamfuta, lamba ya fito P0016. Ma'ananshi kam shaf na sama da kiran shaf na ƙasa sun daina tafiya tare, kuma abinda ke haɗa su shine taimin cen, sarƙan cikin injin. Martin yace mishi sarƙa ne ya miƙe, a bar mota kwana biyu a buɗe. Imrana ya tsallako wajena yace in duba, tunda ni na gida ne.

Ranan gareji a cike yake, direbobin Keana suna zaune suna jiran a ɗaura musu birki. Na jona nawa kwamfuta, lamban nan dai ya fito. Na tambayeshi ko da safe in ya tada mota yana jin kar kar kar na ɗan lokaci sannan yayi shiru. Yace kullum. Na zaro ma'aunin baƙin mai, baƙi ƙirin kamar kwalta. To duk wanda ya taɓa riƙe sifana ya san amsa. In sensa mai kai wa kwamfutan mota rahoto ne kawai ya lalace, injin baya ƙara da sanyin safe. Aiki shine ka buɗe marfi ka duba tenshina mai ɗame sarƙan ko ya fito har ƙarshe, ka juya injin da hannu ka ga ko makin taimin sun zauna daidai. Na san duk wannan, ni na koya wa rabin layin nan. Amma mutane na kallo, Martin ma na kallo daga tsallake. Sai na ɗaga murya nace Martin ko keke aka kai mishi sai yace a sauke injin, nace aikin minti goma ne a hannun Injiniya. Na canza sensa, na danna maɓalli na goge lamba, wuta ya mutu. Direbobi suka yi ta tafi. Imrana ya tambayeni sau biyu ko na tabbata. Nace in ya ga dama ya je Maiduguri ya dawo.

Ranan da asibiti suka ce a wuce da Baba Jos, ina Doma na je janyo wani mota. Imrana ya kirani daga Shabu yace wutan nan ya dawo kuma injin na rawa, ko ya tsaya su nemi wani mota. A Shabu fa, inda mota ke wucewa kowane minti. Nace ya taka kawai, ni na gyara. Sun wuce Nasarawa Eggon suna hawan tudu sarƙa ya tsallake haƙori, injin ya ɗauke. Awa biyu suna rana.

Imrana bai faɗa wa kowa ya kirani ba. Ko matanshi. A wajen jana'iza kusa dani ya tsaya, da muka sa Baba a kabari shi ya miƙo min ƙasa. Bayan sadakan bakwai ya sa aka janyo motan zuwa garejina, ya bani makulli, yace in na samu lokaci. Iyakan maganan kenan.

Na buɗe injin shekaranjiya. Sarƙa ya miƙe har in ka ɗaga da yatsa yana barin haƙori. Gaid ɗin roba da sarƙan ke bi ya farfashe ya zube cikin baƙin mai, bawul takwas sun lanƙwashe. Na jera su a kan kwali ina kallo. Nayi zaton zanyi kuka, ba abinda ya zo. Ina ci, ina barci, ina ba direbobi dariya kamar da. Jiya ma Martin ya tsallako ya leƙa kwalin, ya kalleni, yace min sannu da haƙuri ya koma. Ko wannan banji komai ba. Kamar an cire min batir amma rediyo na ta magana.

Ga abinda na yanke. Zan ɗaura injin nan da hannuna, in tuƙa motan har ƙofan gida, in kira Zuwairatu gaban Inna in faɗa mata waye ya goge wuta kuma waye yace a taka. In zata daina min magana ta daina, amma ta koma ɗakinta. Mutumin nan bai yi komai ba sai yarda da yayi dani.

Ka gaida Anti Jumai, kace har yanzu ba wanda ya kai ta miyan kuka. Ka gaida Mahir da Mutmainna, kace Baba ƙarami na nan da ƙarfinshi. Inna na gaisuwa, Nasiha ma haka.

Yanzu roƙo, kuma ba zagaye. Ka shiga kasuwan kayan mota ka saya min taimin cen cikakken set, da tenshina da gaid, da bawul da gasket na sama, mai kyau ba na kwali mai sheƙi ba. Lamban injin na bayan takardan nan. Ka ba direban da ya kawo maka wasiƙa, ran Talata zai juyo. Kar ka bari sai wani sati, Yaya. Muddin kayan bai iso ba ina da dalilin yin shiru, kuma ka sanni, zanyi shirun. Ka aiko.

Ƙaninka,
Muntaka