Famfo Zai Tafi, Mai Famfo Za Ta Zauna

Litinin, 3 ga Maris
Uwar Tambaya, ɗalibar nan da ta hana ni sakat a ɗakin injuna, ta shigo da gudu. Wai an gayyace ta taron injiniyoyi a ƙasar waje, ta nuna famfon da ta ƙera. Na ce taro ba komai ba ne sai shayi da tafi. Ta ce, "Baba, ka taɓa zuwa ne?" Yarinya ba kunya.

Ban taɓa ba. Ni da na zo na ɗaya a ajinmu. Nawa binciken, shugaban sashe na wancan zamani ne ya je ya karanta, ya dawo mini da tsarabar biro. Ga ni har yau ina shafa wa ƙarafa mai.

Alhamis, 13 ga Maris
Kwamiti ya zauna, ya ci, ya tashi. Asusun tafiyar ɗalibai wayam, an sayi labule da shi. Na jigilar kayan aiki kuwa cike yake. Saboda haka famfo zai tafi, mai famfo za ta zauna. Masu digiri ne fa suka haifi wannan shawara.

Ta yi kuka a kan benci, ta share hanci da tsumman mai. 

Juma'a, 14 ga Maris
Ashe doka ta ce inji ba ya tafiya sai da wanda ya iya tayar da shi. Shugaban sashe ya dafa kafaɗata: "Injiniya, shirya jaka." Yau na zama Injiniya.

Lahadi, 16 ga Maris
Na fito da kwat ɗin da na gama jami'a da ita. Asu ya ci rabonsa. Tsohuwa, uwargidana, ta leƙo ta ce, "Malam, kai za a nuna ko famfon? Don kai ma kayan tarihi ne." Kishi ne kawai.

Litinin, 17 ga Maris
Yarinyar ta wuni tana koya mini jawabinta, har da inda zan numfasa. Da za ta fita ta ce, "Baba, ka kawo mini ko biro ne."

Biro.

Talata, 18 ga Maris
Gwaji a gaban kwamiti. Ban san yadda aka yi bakin tiyo ya juya ba. Ruwa ya wanke shugaban sashe daga tabarau har takalmi. Ya ce, "Duk shekarunka a nan, ɗan famfo ya gagare ka?" Na ce, "Ranka ya daɗe, tsufa ne." Yarinya ta matso, taɓawa ɗaya inji ya kama aiki sumul. Sakatare ya soke sunana ya sa nata, hannun rigarsa na ɗiga.

A gida Tsohuwa ta daɗe tana kallona. Ta ninke kwat ta mayar akwati, ta ƙara mini nama. Ban tambayi dalili ba.

Litinin, 31 ga Maris
Yarinyar ta dawo, ta cika mini kunne. Wai da gaske akwai shayi da tafi, amma tafin nata ne. Ta kawo biro. Ba shi da wani kyau. Da shi nake rubutun nan don nawa ya ɓace.

Tsohuwa ta ce ga nawa can a aljihuna. Wa ya tambaye ta?