Kafin a Tayar da Motar Tabita

Litinin, 9 ga Satumba

Gwiwar dama ta hana ni zuwa masallaci da asuba. A ɗaki na yi, a zaune.

Maƙwabciyata Malama Tabita, wadda ke aiki a jami'a, ta kawo mini fate da yamma. Ta zauna a dakali, na tambaye ta abin da ke damunta. Injin motarta ne ya yi nokin, ya lalace, makon jiya a hanyar Kano. Da motar take kai mijinta Gambo wankin ƙoda, Litinin da Alhamis. Yau a motar haya suka je, mutum huɗu a kujerar baya, ya dawo ko zama ba ya iyawa. Ta ce, “Baba, jikinsa ba zai ɗauki wannan sau biyu ba.” Na ce wa ke gyaran? Ta ce Nu'uman.

Na ce to, Allah ya sa a dace.

Talata, 10 ga Satumba

Shekara tara Nu'uman ya yi a hannuna. Ya bar garejina ranar da ya karya noti a kan wata Fijo, na wanke shi tas a gaban direbobin tasha. Shekara ashirin da shida ke nan. Yanzu shi ma ya yi furfura, yana da garejinsa a bakin gada. In mun haɗu ya gaishe ni, in amsa. Iyakarta ke nan.

Hannunsa yana da kyau, ban taɓa musun wannan ba. Gaggawa ce ciwonsa.

Tun rasuwar matata Hansai ban kula da yadda gidan nan ke amsa tari ba sai yau.

Laraba, 11 ga Satumba

Zan rubuta duka.

Da hantsi Tabita ta leƙo da murna, wai an haɗa injin, bayan azahar za a tayar. Na ce an fara juya shi ya sha baƙin mai tukuna? Ta ce ita ba ta san wannan ba. Na ce ta tare mana adaidaita.

A makarantar fasaha, 1968, abu na farko da aka sa mu haddace ke nan. Injin da aka buɗe aka haɗa, a bushe yake. Ka kashe masa wuta, ka hana shi fetur, ka juya shi da sitata har baƙin mai ya hau ya ratsa ko'ina, jar fitilar mai ta mutu. Sannan ka tayar. In ka tayar a bushe, ƙarfe ya ci ƙarfe, minti biyu sun isa.

Amma a garejin garin nan ba a son haka. Abin alfahari shi ne mai mota na tsaye, a murɗa makulli, bugu ɗaya ta tashi. Injin da ke ta juyawa bai kama ba, kowa ɗauka yake bakanike ya kasa. Na tarar an taru kuwa, kanikawan maƙwabta har da mai faci.

Nu'uman ya rusuna ya gaishe ni, ya sa aka kawo 'yar kujera. Na ce, “Kada ka tayar. Cire wayar kwayil, mai kai wa fulogai wuta.” Na miƙe da sandata na leƙa injin ina neman wayar. Babu. Na duba dama, na duba hagu, roba ce baƙa ta rufe komai. Mai faci ya ce, “Baba, wannan ba Fijo ba ce, jikarta ce.” Aka yi dariya.

Nu'uman bai yi dariya ba. Ya ce, “Oga, gobe za su asibiti, kuma na zuba mai da hannuna.” Na ce zubawa daban, hawa daban. Ya daɗe yana kallon makullin. Sai ya buɗe wani ƙaramin akwati ya zare fiyus na famfon fetur, ya cire wayoyi huɗu daga kan fulogai. Ashe kowane fulogi da kwayil ɗinsa yanzu. Na ce ya kwance fulogan ma, injin ya juya da sauƙi.

Ya murɗa. Na ƙirga goma, na ce ya huta. Tabita ce ke duba mini fitilar, idona ba ya kai can. “Tana nan ja, Baba.” Na biyu, ja. Na uku, ja. Wani ya ce, “Tsoho zai shanye muku batir.” Na huɗu ma ja.

A nan ni ma na fara tunanin ko fitilar ce ta lalace ina ɓata wa mutane lokaci. Amma kunnena bai ji sautin ya sauya ba. In mai ya hau, injin yakan yi laushi. Wannan a bushe yake kuka. Na ce a sauke tukunyar mai ta ƙasa.

Nu'uman da kansa ya shiga ƙarƙashi. Da yake kujerata gajeriya ce, ni kaɗai nake hango shi. Ya tsiyaye man, ya kwance tukunyar, sai ya tsaya cak. Tsumma ne cushe a bakin bututun da ke zuƙo mai, irin wanda ake toshewa da shi don kada yashi ya shiga. An manta da shi. Ya zare ya cusa a aljihu, ya juyo, muka haɗa ido.

Da bugu ɗayan nan aka yi, da yanzu babu injin, babu Kano gobe.

Ya mayar, ya zuba mai, ya murɗa. Ban kai bakwai ba Tabita ta ce, “Ta mutu, Baba.” Ni na riga ta ji. Aka mayar da fulogai da fiyus, motar ta tashi lafiya lau, kamar keken ɗinki.

Mai faci ya ce to me aka gani a ƙasan? Duk suka juyo gare ni. Maganar tana bakina, har na shirya yadda zan jera ta. Na ce, “Babu komai. Rigimar tsufa ce, na so in ga aikin da idona. Aiki ya yi.”

Ban san dalilin da ya sa na faɗi haka ba.

Alhamis, 12 ga Satumba

Ƙarfe shida da kwata suka fita. Daga kan gado na bi motar da kunne har kwanar titi. Babu ko ƙis.

Juma'a, 13 ga Satumba

Sun dawo jiya da la'asar, Gambo a kwance a baya shi kaɗai, har barci ya yi. Yau ya tako da ƙafarsa ya gaishe ni. Ya ce, “Malam Isyaku, an ce ka je ka tayar da hankalin gareji a banza.” Na ce haka aka ce. Muka yi dariya har tari ya kama ni.

Shekara saba'in da shida, kunnen nan bai ci amanata ba. Wannan na rubuta don kaina.

Asabar, 14 ga Satumba

Nu'uman ya yi sallama da safe. Ya durƙusa a zaure, muka gaisa. Ya fara, “Oga, game da shekaranjiya waccan,” na ce ya bar ta.

Na tambaye shi yadda mutum zai gane fiyus na fetur a cikin waɗannan 'yan ƙananan. Ya ce sai dai in zo ya nuna mini a jikin mota, akwai wata da za a haɗa ranar Litinin. Na ce zan gani, in gwiwa ta bari.

Na nemo tsohon littafin rubutu mai sauran shafuka, don darasin ranar Litinin. Fensir ɗin ne ban san inda na ajiye ba.