Jak Ɗin Alhaji da Turmin Kande

Yelwan Yawuri, Jihar Sakkwato
9 ga Mayu, 1983

Zuwa ga taubashina Arzika makaniki, a Wara.

Bayan gaisuwa irin ta mai gida ga baransa, ina fata kana lafiya, kai da Kande da tsummokaranka na baƙin mai.

Direbana Sahabi ya aiko mini cewa babbar motata roka ta karya sifirin a bakin ruwa wajenku, ɗauke da bandar kifi, kuma yau kwana biyu ka ƙi shiga ƙarƙashinta. Wai sai an sauke kaya kaf, wai sai ka tara kututture da allunan mataccen jirgi. Arzika, gyaran mota aka kira ka ko ginin rumbu?

Kifin nan na Hajiya Asabe ne, wadda shekara bakwai ba ta ɗora kayanta a motar kowa sai tawa. Ta ce in Juma'a ta yi bai iso Yelwa ba, ta sauya mota har abada. Kuma ka san banda: a sauke a mayar, rabi ya zama gari.

Ga jak nan na aiko maka, sabo dal, daga Kaduna na sayo shi, tan ashirin yake ɗagawa. Ka karanta jikinsa, in akwai mai karanta maka. Duniya ta ci gaba, ta bar ku kuna sassaƙa itace.

Ka gai da Inna.
Ubangidanka, Alhaji Wakili

Wara, 10 ga Mayu

Zuwa ga Wakili, sarkin bakin kasuwa.

Sallama da gaisuwa. Inna tana amsawa, ta ce har yanzu bakinka ya fi ka girma.

Jak ya iso, ja wur kamar amarya. Na gode. Amma aikin jak ɗagawa ne, ba riƙewa ba. Wanda duk ya kwanta ƙarƙashin mota da jak kaɗai, likkafaninsa yake gwadawa.

Kuma ka san inda direbanka ya kai ta? Wurin da Sarkawa ke jefa taru watan jiya. Ruwa ya janye, saman wurin ya bushe ya tsage, ƙarƙashi kuwa kunu ne. Kai da ka saba da dandaryar kasuwa, mi ka sani ga wanga? Sai an shimfiɗa alluna, a kafa kututturen ƙirya huɗu bisansu, a tokare tayoyi da waji gaba da baya, a rage kaya. Uku na samu, ina neman na huɗu.

In kana sauri, ƙarƙashin motar ba ƙofa gare shi ba, taho ka shiga. Ni 'ya'yana biyar.

Ka huta lafiya.
Arzika

Yelwa, 16 ga Mayu

Arzika,

Gaisuwa a taƙaice, don ba ka cancanci doguwa ba.

Na rubuto ne saboda labarin da 'yan jirgi ke yawo da shi ya riga ni isowa Yelwa, kuma na san daga bakin wa ya fito. Bari in tuna maka yadda aka yi, tunda kai kana gefe kana muzurai.

Na zo Wara ran Laraba da hantsi. Na sa Sahabi ya ɗaga motar da jak, ta tashi sumul, kaya na kai. Mutane suka taru, na shimfiɗa tabarma na shige da shaddata, don in nuna wa ƙauyawa abin da tan ashirin ke nufi. Na ga lokacin da kuke tura allunanku da kututturanku ta ɗaya gefen, na ga ka kife turmin Kande a gurbin na huɗu, har na ce maka ko fura za ka daka mini. An yi dariya, ka tuna.

Abin da ya biyo baya kuwa, jak bai karye ba. A rubuta wannan. Ƙasarku ce ta haɗiye shi. Motar ta sauko ta zauna kan itatuwanka, turmin ya yi ƙara ya tsage, amma bai watse ba. Ƙarfen ya tsaya, tsakaninsa da ƙirjina ko tafin hannu bai kai ba. Ban yi ihu ba, salati na yi da ƙarfi. Da ka ja ni ta ƙafa ma, ai ina shirin fitowa.

Yanzu maganar wando. Ana cewa na fito a jiƙe. Na fito a jiƙe, ban musa ba. Ruwan ƙasa ne ya tsattsafo ta tabarma, domin wurin nan samansa kawai ya bushe, ƙasansa duk ruwa ne. Kowa ya san haka. Ka faɗa wa mutanenka.

Ka dai gyara sifirin, kifi ya iso daren Alhamis, Hajiya ba ta sauya mota ba. Ta dai ce daga yau kai za ka riƙa duba mata ita, ka ji rashin ta-ido.

Ga sabon turmi nan na ƙirya a ba Kande. Ba godiya ba ce, tausayi ne.

Alhaji Wakili

Wara, 18 ga Mayu

Alhaji,

Muna gaisuwa. Turmi ya iso, Kande ta ce ka kyauta.

Na karanta wa mutanen bakin ruwa takardarka. Sun ji daɗi ƙwarai da ka shaida da hannunka cewa ƙasan wurin ruwa ne. Sai dai sun ce tabarmar tana nan, gefenta duk a bushe, tsakiya kaɗai ta jiƙe.

Jak ɗinka mun tono shi. Wani Basarke na ɗaure jirginsa da shi, ya ce bai taɓa samun turke mai kyau irinsa ba.

Allah shi ƙara tsarewa.
Baranka, Arzika