Wasan Malam Jim na Ƙarshe

Gaya, Asabar, 17 ga Fabrairu, 1968

Yau Malam Jim, Ba'amurken makarantarmu, ya buga mana wasan ƙwallonsa na ƙarshe. Ya tsare baya har 'yan Ajingi suka gaji, ko ɗaya ba su ci ba. Wani kulob a ƙasarsu ya kira shi, wai ƙwallon ce za ta zama sana'arsa.

Hedimasta ya ce, "Haba Malam, ka ajiye alli saboda tamola?"

Ya yi dariya. "Ranka ya daɗe, alli zai jira ni. Ƙafa ba ta jira."

Wallahi ya burge ni. Allah ya ba shi sa'a.

Ni aka ba wurinsa na tsaron baya. Mako mai zuwa za mu je Ajingi.