Ƙofar Kabad ɗin Inna

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da maigida da yara. Allah ya ƙara miki sauƙin ciwon gwiwar nan. Mu nan lafiya lau, jaririnmu ma ya fara rarrafe, ba ya barin komai a ƙasa.

Maganar Autarki ce ta sa na ɗauki biro, na fi so ki ji daga bakina. Kin san zazzaɓi ya hana ta shiga ajin tarihin zane a farkon zango. Ko da ta koma, an wuce zamanin masu sassaƙa da hannu, an kai ga waɗanda suka biyo bayansu, masu cewa ado a jikin kaya ɓata katako ne, kyau yana cikin miƙaƙƙen layi. Maganar ta shige ta sosai. Ranar Asabar na dawo na iske ta a falo, ta aro kayan aikin kafintan layinmu, ta kankare furannin da aka sassaƙa a ƙofa ɗaya ta kabad ɗin Inna, wanda ya faɗo a rabonki na gado, yake ajiye a wajena. Wai 'yantar da katakon take yi.

Ban yi mata faɗa ba. Na ɗauko littafin da nake koyar da ɗalibaina da shi, na buɗe mata babin da ya wuce ta, na mutanen da suka ga inji yana zubo kaya iri ɗaya, suka koma sassaƙa kowane fure da hannu don kada aikin hannu ya ɓace daga ɗakunan mutane. Ta karanta, ta je ta shafa ɗaya ƙofar, ta ga babu fure biyu masu kama da juna. Ranar ko abinci ba ta iya ci ba.

Na san kin ce in ta sake yin ɓarna za ki maido ta gida ta bar karatun. Don Allah, Yaya, ki bar min ita. Na daɗe ina koyarwa, ban cika samun ɗalibin da darasi ke kai shi ga ɗaukar kayan aiki ba. Yanzu kullum bayan aji tana shagon kafintan tana koyon sassaƙa. Ya ce furenta na farko ya fi kama da kabeji, amma hannun yana faɗawa. Ta ce kabad ɗin ba zai zo miki ba sai ƙofar ta sake yin fure. In kika janye ta, haka za ki karɓe shi, gefe da ado, gefe fayau.

Ki gaishe min da maigida, da Gwaggo, da 'yan biyu. Mai ɗakina tana gaishe ki. Auta ta so ta rubuto miki da kanta, amma yatsunta duk filasta ne.

Ƙaninki,
Malamin Zane