Wanda ya koya mini aƙida shi na tarar yana rubuta amsa a allo

Salama gare ku 'yan uwa. Admin a sakaya sunana don Allah, shawararku nake nema, don abin ya fi ƙarfin kaina.

Ni malama ce a wata makarantar kuɗi a Kafanchan. Mai makarantar shi ya koyar da ni tun ina sakandare, Baba muke ce masa, dattijo ne a cocinmu, kuma shi ya tsaya mini a matsayin uba ranar aurena. A bakinsa na fara jin kalmar aƙida. Yakan ce aƙida ita ce abin da ba ka sayarwa ko da yunwa za ta kashe ka, ni kuwa na haɗiye maganar ɗungurungum. Saboda shi na yi karatun koyarwa, da ya yi ritaya ya buɗe makarantarsa na bi shi da gudu.

A ajina ba a satar amsa, kowa ya sani. Malamai har suna suka laƙaba mini, Madam Aƙida, in na shigo ofis sai a ce a ɓoye gyaɗa ga hukuma ta iso. Ina dariya, ashe a bakinsu aƙida na nufin wanda bai san inda duniya ta dosa ba. Ban damu ba tunda a zatona Baba yana bayana.

Satin nan ranar jarabawar lissafi ta 'yan ajin ƙarshe, sai Baba ya aike ni garin Gidan Waya wai in karɓo littattafai. Na isa, mai littattafan ya ce shi ba a yi da shi ba. Na hau mashin na juyo, na shiga zauren jarabawa, sai ga Baba da kansa da alli a hannu yana cika allo da amsa, mai sa idon da hukumar jarabawa ta turo yana cin tsire.

Da na same shi a ofis ko kunya bai ji ba. Wai iyaye sakamako suke so, in yara suka faɗi za a kwashe su a kai makarantar gaba. Na tuna masa maganarsa ta dā, sai ya yi murmushi ya ce, "'Yata, wancan na koyar wa yara ne. Ke yanzu kin girma."

Wannan maganar ta fi marin fuska ciwo. Shekarun nan duka ashe ni kaɗai nake rawa, makaɗin ya daɗe da tafiya gida.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne wata ɗalibata, 'yar Fulani daga rugar bayan gari, wadda babanta ya sa ta makaranta saboda ya yarda da ni. Ita kaɗai ta ƙi ɗaga kai ta kalli allon, ta bar tambayoyi da yawa ba amsa. Da aka tashi ta biyo ni ta ce, "Anti, ranar Litinin in kwafa ko in bari?" Na ce ta je gida za mu yi magana.

In na kai ƙara za a iya soke sakamakon kowa har da nata, ga aikina, ga idon mutanen coci. Mijina ya ce in yi shiru. To ko na yi wa hukuma shiru, yarinyar nan tana jiran amsa. In ce ta bari, ta faɗi ita kaɗai saboda ta ji maganata? Ko in ce mata ita ma ta girma?